Yaya Ya Cika a Tsaye

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake komawa. Yayana da nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga mu. Ni ban shiga aji ba. Ina faɗi ne ɗiyata tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

A gidan babban ɗansa da ke unguwar Gesse anka yi zaman makoki, maza a rumfa a waje, mu mata a tsakar gida. Na sa an shimfiɗa mini tabarma kusa da ƙofar shigowa, don ni ba na kuka a gaban jama'a, kallo nake yi. Duk wanda ya shigo sai na ga fuskarsa kafin ya gyara ta.

Tsofaffin masunta sun zo daga Argungu a mota guda, ƙafafu duk faso. An kai musu tuwo sun ce a mayar. Da sunka leƙo yi mini gaisuwa, babbansu ya tsuguna ya ce, "Hajiya, ruwa ya nemi mutumin ga tun muna samari bai same shi ba. Ashe a kan siminti za a same shi." Ya tashi ya fita.

Matan Augie, dangin marigayiya matarsa, su sun ci abinci. Sun yi "Allah ya jiƙan shi, ya huta" da ƙarfi yadda kowa zai ji, sannan sunka haɗa kai sunka rage murya. Sun manta tsufa bai taɓa mini kunne ba.

"An ce yarinyar ce ta tashe shi."

"Mutum shina kwance abinai, a ce sai ya yi fareti awa soja?"

"To ba karatun da anka tura ta ke nan ba? Karatun tsalle-tsalle."

Yarinyar da suke nufi jikarsa ce, ɗiyar mai gidan, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karanta ilimin motsa jiki. Tana cikin ɗakin da ke bayansu, taga a buɗe. Tun da anka fita da gawa ba ta fito ba. Ta ce ta gama da karatun nan har abada, ubanta ya ce ko ita ba ta gama ba shi ya gama. Hutu kuwa ya kusa ƙarewa.

Cikin duk masu gaisuwa mutum ɗaya ne ya tambaye ta. Maƙwabcinsu ne mai walda, Kirista mutumin Filato. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ramukan da ke cikin simintin tsakar gida, inda ƙarafan da ya haɗa wa Yaya na koyon tafiya suke a da. Mai gidan ya sa an tumɓuke su tun kafin a dawo daga maƙabarta. Mutumin ya share ido da bayan hannu ya ce, "Mama, ina ɗiyarmu? A ce mata ta ci abinci."

Shi ya sa na ce a rubuta. In an bar zancen a bakin matan Augie, nan da baɗi ba mai tuna ko wane ne Yaya, sai dai a ce tsohon nan da jikarsa ta kashe.

Masunci ne ɗan masunci, da gora da homar kamun kifi ya tashi. Da kifi ya ja baya a gulbi ya koma fadama noman shinkafa, amma bai bar shiga ruwa ba. Ban taɓa ganinsa a kan kujera ba sai a asibiti. A tsugune yake cin abinci, a tsugune yake jin rediyo, in an ba shi kujera a gidan biki sai ya ɗora hularsa a kai ya tsuguna gefenta. Yakan ce, "Jiki bara ne. Ka ba shi hutu, ka wayi gari shi ne ubangidanka." Kuma ba fuska yake kallo ba, tafiya yake kallo. Mutum na tahowa daga nesa zai ce, "Wancan ƙarya zai zo yi muna," ko "Waccan ta yi faɗa da miji." Sau da yawa ba haka ba ne, amma wa zai gaya masa?

Shekarar da ruwa ya shanye hanyar ƙauyen da nake aure, ina kan gwiwa, haihuwa ta ƙi zuwa, ba jirgi ko ɗaya a gaɓarmu. Labari ya kai masa. Shi ya turo jirgi cikin wannan ambaliya, ya sa ni ciki, ya mayar da ni gaɓar Argungu, yana faɗa tun daga farko har ƙarshe, wai mi ya hana ni tahowa gida goyon ciki tun da wuri. Ko sannu bai ce mini ba. Ɗiyar da na haifa ranar ita ce ke riƙe da biron nan.

Kada a ɗauka labarin waliyyi nake bayarwa. Taurin kai gare shi. Na taɓa ce masa shekarunsa sun wuce shiga gulbi, ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwata.

Da sunan jikarsa ya fito a jami'a, ba a likitanci ba kamar yadda ubanta ya ci buri, sai a ilimin motsa jiki, gidan Gesse ya yi tsit kamar an yi rashi. Uban ya ɗauke ta har Argungu don kakanta ya sa baki ta haƙura ta sake jarrabawa. Ina wurin.

"Baba, shekara huɗu fa, don a koya mata guje-guje. Ɗiya mace, da wando, a fili. In ta gama ta zama mi?"

Yaya bai ko dube shi ba. Ya ce, "Amarya, zo nan. Mi za a koya muku can?"

Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsoho, irin wasan nan na kaka da jika wanda ɗa ba ya kusantarsa. Ta faɗi abin da anka gaya mata: ƙashi da tsoka da jijiya, yadda zuciya ke bugawa in mutum ya yi gudu, abin da ke sa tsofaffi faɗuwa, yadda ake mayar da ƙarfi jikin wanda ya daɗe bai motsa ba.

"Sun san abin da ke sa kafaɗata ƙara in na ɗaga homa?"

"In na je sai in tambayo maka, tsoho."

Sai ya juya wajen ɗansa, ya nuna tumbinsa da leɓe. "Kai da anka koya ma zaman kujera, ga abin da ka samo muna. Bar ta ta tafi. In ta dawo ba ta san komi ba, ni na aure ta haka nan."

Ta tafi. Hutun farko ta dawo masa da amsar kafaɗa, ta zana masa ita a ƙasa da tsinke. Ya yi murna ƙwarai, ya tafi bakin gulbi ya bayyana wa masunta duka, ya juya zancen kai a ƙasa. Wani hutun kuma ta zo da abin awon jini, ta ɗaura masa a dantse tana dariya. Ina kallon fuskarta lokacin da dariyar ta ɗauke.

"Tsoho, jininka ya hau sosai. Sai ka ga likita, kuma ka rage gishiri."

"Ni da ke dashe tun safe har azahar? Je ki auna ubanki."

"Aiki ba ya hana shi hawa. Ka ji ni dai."

Da ƙyar anka kai shi. An ba shi ƙwayoyi, ya sha har ya ji kansa ya yi sakayau, ya ba wani abokinsa mai ciwon baya sauran. Wannan ba laifin kowa ba ne sai nasa, kuma da yana raye a gabansa zan faɗa.

A fadama ya faɗi, lokacin dashe. Hannun dama da ƙafar dama sunka mutu, baki ya karkace, magana ta dawo amma da nauyi. Daga asibiti anka kawo shi Gesse. Kafin a sallame shi, ma'aikacin gashin ƙashi ya tara mu ya nuna yadda za a riƙa lanƙwasa masa hannu da ƙafa, a zaunar da shi, a tsayar da shi, kullum ba fashi. Ya ce duk abin da zai iya yi da kansa kada a yi masa. Kowa ya ce to.

Ga inda abin ya lalace, kuma ba mugunta ba ce. Mu nan ba a barin babba ya wahala ana kallo. Tsoho ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, yara na rige-rigen miƙa masa. 'Yan dubiya su shigo su tarar da uba yana kokawa da cokali, koko na zuba a rigarsa, ɗansa na tsaye, kafin la'asar labari ya kai Argungu cewa an wulaƙanta shi. Kuma ɗa ba ya ce wa uba tashi. Suruka ko ido ba ta haɗawa da shi. Duk gidan mutum ɗaya ce al'ada ta ba bakin yi masa tsawa, ita ce jika. Allah ya sa lokacin dogon hutu ne, tana gida.

"Tsoho, ni ba na zama da raggon miji. Ɗauki kofin nan."

"Hannun ya mutu, amarya."

"Suma ya yi. Ɗauka, ko in tafi in auri na Augie mai albasa."

"Mai warin nan?"

"Shi dai yana iya riƙe kofi."

Ya zage ta, zagin da ba zan sa a rubuta ba, sannan ya ɗauka. Rabin ruwan ya zube masa a cinya. Uwarta ta taso da tsumma, yarinyar ta tare ta da hannu ta ce a bar shi ya goge da kansa. Uwar ta shige kicin tana kuka, tana cewa wanga abu ba tarbiyyarta ba ce.

Ita ta zana wa mai walda ƙarafan, dogaye biyu a jere daidai ƙugu, ya haɗa su da ragowar bututu ya kafa a tsakar gida. Takan ɗaura wa Yaya zani a ƙugu ta riƙe ta baya, shi yana dafe da ƙarfe yana jan ƙafa, ita tana yi masa gori, shi yana ramawa, gumi na ɗiga a siminti. In baƙi sunka yi sallama, ubanta ya fita da sauri ya tsare su a waje da hira har a gama. Kafin hutu ya ƙare Yaya yana kaiwa ƙarshen ƙarfen ya juyo. Ya koma sallah a zaune, shi da anka kawo yana yi a kwance.

Ta so ta ajiye zangon karatu guda ta zauna da shi. Ya ce, "In kinka zauna, na sake ki." Ta tara mu, ta nuna komi dalla-dalla, ta roƙe mu, ta tafi.

Ubanta ya gwada, ban hana shi wannan ba. Yakan durƙusa a bakin gado ya ce, "Baba, ko za a ɗan taɓa ƙarfen yau?"

"Gobe."

"To, Baba."

Ni ma na gwada. Nakan hau keke mai ƙafa uku daga unguwarmu Nasarawa in zo. Na ce, "Yaya, tashi mu je ƙarfe." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke, yaushe kinka girma?" Ƙanwa ƙanwa ce ko ta yi furfura. Ba ragwanci ba ne, na san shi. Ya yarda jika ta ga yana jan ƙafa, don ita abokiyar wasa ce. Bai yarda ɗansa da ƙanwarsa su gani ba.

Takan kira a waya ta ce a kara masa a kunne. "Tsoho, ka yi tafiya yau?" Ya ce, "Na yi, har na gaji." Ɗakin cike da mutane, ba mai iya buɗe baki ya ƙaryata shi.

Kulawa kam ya same ta. An sayo katifa sabuwa, an sa masa fanka, ana yi masa wanka ana fesa turare, ana ba shi abinci a baki. 'Yan dubiya na fita suna sa wa ɗansa albarka. Ni kuwa ina ganin cinyar da ta tura jirgi cikin ambaliya tana komawa kamar kara. Hannun da ya fara riƙe kofi ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Gyambo ya buɗe masa a baya. Na ga ana kashe mutum da ladabi, kuma ban ga wanda zan kama ba.

Da ta dawo hutu ta ɗaga mayafin da anka rufe shi da shi, ta tsaya. Ranar ba ta yi masa wasa ba. Ta ce sai an faro daga farko, a kan gado, a hankali. Ƙafar da ta mutu ta kumbura, ta fi ɗayar. Ta taɓa, ta danna, ta ce kwanciya ce.

Shi ne ya matsa. Kullum ta shigo sai ya ce, "Amarya, kai ni ƙarfe."

"Ba yanzu ba, tsoho. Jikinka bai kai ba."

"Ashe ke ma kin tsufa. Kin zama irinsu."

Ya yi ta yi har ta yarda. Da hantsi ne, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa. Ta ɗaura masa zanin, ubanta da kansa ya kama ɗaya gefen, a rubuta wannan. Sunka kai shi tsakanin ƙarafan, ya dafa da hannun hagu, ya miƙe. Ya miƙe sosai, har uban ya saki. Ya ɗaga kai ya duba ko'ina kamar baƙo, ya ce, "Ashe katangar ga gajera ce."

Sai numfashi ya sarƙe masa. Na ga leɓensa na motsi da kalmar shahada. Ita tana riƙe da zanin ta baya tana kiran tsoho, tsoho, nauyinsa duka a hannunta, ba ta bari ya kai ƙasa ba. Sai da anka ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen kafin a sa shi a mota.

Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar saboda doguwar kwanciya, gudan ya ɓalle ya tafi ya toshe huhu. Ya ce tsayuwar tana iya ɓalle shi, kuma yana iya ɓallewa ko yana kwance. Kowa ya ɗauki rabin maganar da zai iya kwana da shi.

Bayan sadakar bakwai, baƙi sun watse, na shiga ɗakinta. Tana kwance ta fuskanci bango, littattafan an tura su ƙarƙashin gado. Na zauna a ƙasa.

"Kaka, mun karanta shi," ta ce. "Ƙafa ɗaya ta kumbura, da zafi, bayan doguwar kwanciya. An ce in ka ga haka kada ka motsa mutum, ka kai shi asibiti. Na amsa shi a jarrabawa. Na gani da idona na ce kwanciya ce."

Ban ce mata ba laifinta ba ne, don ban sani ba, kuma ba na faɗin abin da ban sani ba. Na ce, "Waɗanda sunka kwantar da shi wata da watanni suna waje suna cin tuwo, ba wanda ya rufe kansa a ɗaki. In rabin sani ya kashe shi, sauran rabin yana can inda kinka baro shi. Je ki ɗauko."

"Ba zan ƙara taɓa jikin kowa ba."

"To."

Na yunƙura zan tashi, gwiwoyi sunka ƙi. Zaman ya yi tsawo, sun riƙe. Uwarta da ke laɓe a bakin ƙofa ta faɗo ciki tana cewa, "Sannu Gwaggo, kawo hannu." Na ce, "Kada ki taɓa ni." Uban ya jiyo, ya zo ya tsaya. Na ce masa, "Kai ma." Na sake yunƙurawa, na koma na bugu a kwankwaso. Ba wasa nake ba, zafin har cikin kaina na ji shi. Uwar ta rufe baki da mayafi. Na sake gwadawa, ina nishi, jikina na rawa a gaban ɗan wana da matarsa, abin da Yaya ya gwammace kwanciya da a gan shi a ciki.

Daga wajen bango yarinyar ta ce, "Juya ki durƙusa tukuna."

Na juya na durƙusa.

"Kafa ƙafar dama. Dafa gado, ba bango ba. Kada ki riƙe numfashi."

Da na waiga ta sauko, tana bayana, hannuwanta biyu kusa da ƙuguna ba su taɓa ni ba.

"Tashi, tsohuwa," ta ce. "Ba ni da lokacin raggaye."

Na tashi. Da numfashi ya dawo mini na dubi ubanta na ce, "Yarinyar ga za ta koma makaranta." Ɗa ba ya ce wa uba tashi, amma gwaggo tana ce wa ɗan wanta matsa. Bai kai ta tasha ba, bai kuma tare ƙofa ba.

Ta koma bayan an yi nisa da karatu. In ta kira ni ba ta daɗewa, kuma ban ƙara jin dariyarta ba. Ubanta ba ya ambaton sunan abin da take karantawa. Can Augie da Argungu har yanzu ana faɗin abin da ake faɗi, kuma na san za a ci gaba da faɗi har ranar da wani zai zo neman aurenta a raɗa masa. Wannan ba ni da maganinsa.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa taurin kansa, Ya yalwata masa kabari. Ranar da za a busa ƙaho a ce kowa ya fito, Allah Ya tashe shi da ƙafafunsa biyu, ba mai riƙe da shi.